Dandalin Plaza Mayor na Madrid: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Zuwa

Duk wanda ya sauka a Madrid, babban birnin Sifaniya, ko taro ne ya kai shi, ko karatu, ko kallon ƙwallo, da wuya ya bar garin ba a ce masa ya je ya ga Plaza Mayor ba. Da yawa sukan je, su ɗauki hoto a gaban mai doki, su sha shayi mai ɗan karen tsada, kafin minti 20 sun fito suna cewa ashe fili ne kawai. Fili ne, amma wanda ya san abin da aka yi a cikinsa ba zai kalle shi da wannan idon ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne Plaza Mayor, kuma a ina yake?

Dandali ne mai kusurwa huɗu a tsakiyar tsohon garin Madrid, tsawonsa mita 129, faɗinsa mita 94. Gidaje masu jan fenti sun kewaye shi ta ko'ina, hawa uku a bisa rumfunan da ginshiƙan dutse ke riƙe da su, kuma baranda 237 ke leƙen cikinsa. Ba a hango shi daga nesa. Kana cikin tafiya a ƙuntataccen lungu, sai ka ratsa ƙarƙashin wata doguwar ƙofa, kawai ka ga sarari ya buɗe a gabanka. Hanyoyin shiga 10 ne, kuma mota ba ta ratsawa ta ciki. Tun shekarun 1960 aka hana, aka haƙa wa motoci wurin ajiya a ƙarƙashin ƙasa.

Daga Puerta del Sol, wato cibiyar birnin, tafiyar minti 5 ce a ƙafa ta titin Postas ko titin Mayor. Kusan kowane tsohon gari a Sifaniya yana da nasa Plaza Mayor ɗin, na garin Salamanca ma wasu na ganin ya fi kyau, saboda haka in kana nema a taswirar waya ka tabbata na Madrid ka danna.

Ana biyan kuɗin shiga? Ƙarfe nawa ake rufewa?

Ko sisi ba a biya, kuma ba a rufewa dare da rana. Unguwa ce, akwai mutanen da ke kwana suna tashi a gidajen da ke saman.

Yaya zan isa daga filin jirgin sama?

Filin jirgin Barajas yana arewa maso gabashin birni. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira Metro: ka hau layi na 8 zuwa tashar Nuevos Ministerios, daga nan ka koma jirgin ƙasa na kewayen birni, wato Cercanías, mai zuwa Sol, tasha ɗaya ce tal. Ko kuma ka bi layi na 10 zuwa Tribunal, ka sauya zuwa layi na 1. Akwai ɗan ƙarin kuɗi da ake ɗora wa tikitin Metro na wanda ya fito daga filin jirgi, ka biya shi tun a na'urar sayen tikiti. Mai kaya da yawa gara ya ɗauki tasi. Tasin Madrid fari ne da jan layi a ƙofar gaba, kuma daga filin jirgi zuwa tsakiyar birni farashi ƙayyadadde ne, yuro 30 da 'yan kai, ba ciniki. Wanda ya tare ka a cikin zauren filin jirgi yana cewa yana da mota, ka gode masa ka wuce layin tasi da ke waje.

In kana cikin gari ne, tashoshin Sol, Ópera, La Latina da Tirso de Molina duk suna kusa.

Wa ya gina shi, kuma yaushe?

Asalinsa kasuwa ce a bayan ganuwar gari, ana ce mata Plaza del Arrabal. 'Yan kasuwa suka fi son wajen ganuwa don kaucewa harajin shiga gari. Da Sarki Felipe na II ya mayar da fadarsa Madrid a 1561, ƙaramin gari ya zama gidan sarauta, sai tarkacen rumfunan kasuwar suka zama abin kunya. Ya ba Juan de Herrera aikin tsara wurin a 1580, amma ɗansa Felipe na III ne ya kai aikin gaci: a 1617 ya ɗora wa Juan Gómez de Mora, cikin shekara biyu aka gama, a 1619.

Sai dai dandalin da kake gani yau ba shi ne na Gómez de Mora kai tsaye ba. Gidajen farko da katako aka tayar da su, hawa biyar, ga murhu ga kyandir a kowane ɗaki, don haka gobara ta ci wurin har sau uku: a 1631, da 1672, da 1790. Ta ƙarshen ita ta fi ɓarna, ta yi kwanaki tana ci, ta lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na dandalin. Juan de Villanueva, wanda ya tsara ginin gidan tarihi na Prado, shi aka kira. Ya rage tsawon gidajen zuwa hawa uku, ya fi dogara da dutse da bulo, sannan ya toshe kusurwoyin da a da suke buɗe, ya bar ƙofofi masu baka. Bai ga ƙarshen aikin ba. Almajiransa ne suka kammala a 1854.

Ko sunan ma ya sha canji. Duk gwamnatin da ta zo sai ta raɗa nata: Dandalin Tsarin Mulki a 1812, Dandalin Sarki bayan dawowar Fernando na VII a 1814, Dandalin Jamhuriya a 1873. Bayan yaƙin basasar ƙasar ne ya tsaya a kan Plaza Mayor.

Wane ne wannan da ke kan doki a tsakiya?

Felipe na III ne, wanda ya yi mulki daga 1598 zuwa 1621. A Italiya aka ƙera mutum-mutumin da tagulla, Giambologna ya fara, almajirinsa Pietro Tacca ya gama a 1616, kyauta daga mai mulkin Florence. Ya daɗe a lambun sarakuna na Casa de Campo kafin Sarauniya Isabel ta II ta sa a kawo shi nan a 1848.

Masu yi wa baƙi jagora suna son ba da labarin bakin dokin. A da buɗe yake, ciki kuma holoƙo ne, sai ƙananan tsuntsaye su riƙa shiga su kasa fita. Ba wanda ya sani sai a 1931, lokacin da aka ayyana jamhuriya, wani ya jefa abin fashewa a bakin, cikin dokin ya tsage, ƙasusuwan tsuntsaye suka zubo. Da aka gyara sai aka liƙe bakin. Matsa kusa ka duba, a rufe yake.

Abin da ba kowane jagora ke faɗa ba, kuma ya kamata ka sani kafin ka tsaya hoto a gabansa, shi ne wannan sarkin ne ya sa hannu a 1609 a kan dokar korar Moriscos. Su ne jikokin Musulmin Andalus da aka tilasta wa karɓar Kiristanci bayan faɗuwar Granada a 1492, aka hana su Larabci da tufafinsu da sunayensu, sannan bayan sama da shekara 100 aka ce har yanzu ba a yarda da su ba. Tsakanin 1609 da 1614 an fitar da kimanin mutum 300,000, akasari zuwa Tunis, Aljeriya da Maroko. Shekara uku da kammala korar aka fara gina wannan dandali. Ba cewa ake kada a ɗauki hoton ba. A dai san da wa aka ɗauka.

Wannan gidan mai zane-zane a bango fa?

Casa de la Panadería ke nan, a ɓangaren arewa, mai hasumiya biyu masu tsini. Shi ne mafi tsufa a dandalin, an fara shi a 1590. Ƙasansa babban gidan burodin gari ne, daga nan hukuma ke sa ido kan farashin burodi, samansa kuma ɗakunan sarki ne da barandar da yake zama yana kallon biki. Tambarin sarautar da ke tsakiyar bangon na zamanin Carlos na II ne.

Zanen da ya rufe bangon kuwa sabo ne, ko da yake baƙi da dama na ɗauka tsohon aiki ne. Carlos Franco ya yi shi, aka kammala a 1992, kuma gumakan tatsuniyoyin Girka da Rum ne a ciki, da yawansu ba sutura. Mai tafe da yara ko surukai ya san da wannan tun kafin a ɗaga kai. Ofishin kula da masu yawon buɗe ido na birnin yana ƙasan ginin, suna ba da taswira kyauta, kuma ana jin Turanci.

Ginin da ke fuskantarsa daga kudu shi ne Casa de la Carnicería, tsohuwar ma'ajiyar naman gari. Yau otal ne.

Me ake yi a wannan fili a zamanin da?

Komai da komai na gari. Da safe kasuwa, ran biki filin wasa, ran hukunci wurin kisa. A nan aka yi shagalin ɗaukaka San Isidro, waliyyin da mutanen Madrid ke ɗauka majiɓincin garinsu, a 1620 da 1622. A nan ake shelar naɗin sarki. A nan ake wasan bijimi, manyan gari a kan dawakai da masu, a kashe sa a gaban jama'a. Ranar irin wannan taro mai gida ba shi da iko da barandarsa: fada ce ke raba barandun ga manya gwargwadon muƙami, kusancinka da barandar sarki shi ne girmanka.

A nan kuma aka yanka Rodrigo Calderón a Oktoban 1621, mutumin da ya yi tashe a fadar Felipe na III, aka kashe shi wata bakwai bayan mutuwar sarkin.

Mafi nauyin abin da filin ya gani shi ne zaman kotun cocin Katolika mai binciken aƙida, wadda ake kira Inquisición. Babban zama shi ne na 30 ga Yunin 1680. Sarki Carlos na II da matarsa da mahaifiyarsa suka zauna tun safe har dare ana karanta hukuncin mutum sama da 100, mafi yawansu bisa zargin bin addinin Yahudu a ɓoye. An sa musu riguna da dogayen huluna na wulaƙanci. Waɗanda aka yanke wa ƙonawa ba a nan aka ƙona su ba, an kai su bayan gari ta ƙofar Fuencarral. Francisco Rizi ya zana taron a wani ƙaton allo wanda ke hannun gidan tarihi na Prado, kuma mai kallonsa zai gane Casa de la Panadería nan take.

In kana son ganin taƙaitaccen tarihin ba tare da littafi ba, je gindin manyan fitilu huɗun nan da mutane ke zama a kewaye da su. An zana abubuwan a jikin tagullar: gobara, wasan bijimi, kasuwa, hukuncin kisa. Yawancin masu zama sun jingina da su suna cin burodi, ba su taɓa waiwayawa ba.

Zan iya cin abinci a dandalin? Akwai na halal?

Tambaya biyu ce, ta farko ta fi sauƙi. Teburan da aka jera a cikin filin kuɗin kallo kake biya, ba kuɗin girki ba. Abincin bai kai farashinsa ba, musamman shinkafar paella da aka liƙa hotonta a allo, wadda ba ma abincin Madrid ba ce, ta Valencia ce. Mutanen gari ba kasafai suke zama nan ba. A 2013 magajiyar garin ta lokacin, Ana Botella, ta yi tallar shan kofi da madara a Plaza Mayor cikin jawabinta na neman a ba Madrid wasannin Olympics na 2020, aka yi ta yi mata dariya a ƙasar, Tokyo kuma ta tafi da wasannin. In kana son zama, sayi kofi ɗaya ko shayi, ka zauna iya son ranka, ba mai tashinka. Abinci kuma a ci a waje. Ka duba farashi a rubuce kafin ka zauna, don na tebur a waje ya fi na tsaye a ciki.

Batun halal kuwa sai an buɗe ido, domin alade ya shiga girkin Sifaniya ta ko'ina. Ƙafafun naman da ka ga an rataye a shaguna, jamón ke nan, alade ne. Haka chorizo, morcilla, tocino, panceta da lomo. Kalmar cerdo alade take nufi, manteca kuma kitsensa, ana sa shi a wasu kayan fulawa irin su mantecados da polvorones. Croquetas yawanci da jamón a ciki, haka miyar cocido da garin ke alfahari da ita. Wani lokaci har a kan ganye ko wake za a barbaɗa shi, in ka ce ba ka cin nama a ce maka ai wannan ba nama ba ne, jamón ne. Saboda haka ka ambaci sunansa: "sin cerdo, sin jamón", wato ban da alade, ban da jamón. Jan abin shan nan da ake kawowa a tulun gilashi da yankakkun 'ya'yan itatuwa kuma kada ka ɗauka zoɓo ne. Sangría ce, giya ce.

Abin da unguwar ta yi suna da shi, an yi sa'a, daga teku yake: bocadillo de calamares. Calamares wata dabbar ruwa ce marar ƙaya, ana yanka ta zobe-zobe, a turbuɗa a fulawa, a soya, a cusa a burodi da zafinta. Malikiyya ba su da matsala da abin da ya fito daga teku. Ƙananan shagunan titin Botoneras, dab da ƙofar kudu maso gabas, irin su La Campana da La Ideal, nan layi ke tsawo, kuɗin kuma 'yan yuro ne. Mai tsantseni ya tambaya ko da man ake soya wani abin. Akwai kuma tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa, da soyayyen dankali mai yaji da ake kira patatas bravas, da churros na San Ginés, shagon da ke sayar da su da narkakken cakulan tun 1894.

Nama na halal sosai sai ka gangara Lavapiés, tafiyar kamar minti 15 kudu. Unguwar 'yan Bangladesh da Maroko da Senegal ce, akwai mahauta Musulmi da gidajen abinci, har da shinkafa da kifi irin ta Senegal.

Za ka ji ana zancen Botín, a titin Cuchilleros, wanda aka kafa a 1725, kundin Guinness ya ce shi ne gidan abinci mafi daɗewa da bai taɓa tsayawa ba. Abin da ya fi shahara da shi gasasshen ɗan alade ne. Kallon ƙofarsa daga waje ya wadatar.

Ruwan famfon Madrid mai kyau ne, kuma doka ta wajabta wa gidajen abinci ba da shi kyauta. Ka ce "agua del grifo".

Ina zan yi salla?

Babu masallaci a dandalin. Mafi kusa su ne ƙananan masallatan Lavapiés, waɗanda galibi shaguna ne aka mayar, ba hasumiya, sai ka tambayi mai shago Musulmi ya nuna maka. Don Juma'a akwai manya biyu. Masallacin Abubakar yana unguwar Tetuán, an buɗe shi a 1988, kuma layi na 1 daga Sol zai kai ka tashar Estrecho ba sauyi. Ɗayan shi ne Cibiyar Al'adun Musulunci da ake wa laƙabi da masallacin M-30, saboda yana bakin babban titin da ya zagaye birnin. Saudiyya ce ta gina shi, aka buɗe a 1992, tashar Barrio de la Concepción a layi na 7 ta fi kusa da shi.

Alƙibla daga Madrid gabas ce mai ɗan karkata kudu. Lokutan salla kuma suna tafiya da nisa tsakanin zafi da sanyi: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 saura kwata na dare, a Disamba kafin 6 an yi magariba. Mai zuwa da azumi ya yi wannan lissafin.

Gaskiya ne Musulmi suka kafa Madrid? Akwai abin da ya rage?

Gaskiya ne. Sarkin Kurɗuba, babban birnin Andalus, Muhammad na I, shi ya kafa ta a ƙarni na 9 a matsayin sansanin tsaron iyaka, ana kiranta Mayrit. Ta fitar da malamai, sanannensu Maslama al-Majriti, masanin lissafi da taurari. Alfonso na VI, sarkin Kirista na Kastila, ya karɓe ta wajen 1085.

Abin da ya rage kaɗan ne, amma tafiyar minti 10 ce daga dandalin. Ka bi titin Mayor yamma har ƙarshensa, ka gangara gefen majami'ar Almudena zuwa Cuesta de la Vega. Akwai ɗan lambu mai sunan Sarki Muhammad na I, a cikinsa ragowar ganuwar take, ta dutse, da gindin hasumiyoyinta. Ba cunkoso, ba mai sayar da tsaraba. A ganina wanda ya tsaya gaban dokin Felipe na III bai gama ziyara ba sai ya zo nan. Unguwar da ke kudu da wurin har yau ana ce mata Morería, nan Musulmi suka zauna bayan an ci garin.

Wane lokaci ya fi dacewa?

A cikin yini, da sassafe kafin 9. Lokacin masu shara sun wanke dutsen, ba a gama jera kujeru ba, za ka ga ginin da kyau. Sai kuma bayan faɗuwar rana in an kunna fitilu. Tsakar rana a watan Yuli ko Agusta ba a ba da shawara, domin filin ba bishiya ko ɗaya, zafi kan kusanci digiri 40, inuwa sai ƙarƙashin rumfuna.

A cikin shekara, Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Madrid tana bisa tudu, kimanin mita 650 sama da teku, don haka sanyinta na Disamba da Janairu mai ratsa ƙashi ne, da dare yakan kusanci daskarar ruwa. Rigar sanyi mai kauri, safa da hula dole ne.

Ranar 15 ga Mayu bikin San Isidro ne, ana kafa dandamali a filin, tsofaffi da yara su fito da kayan gargajiya suna rawar chotis. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba kuma kasuwar Kirsimeti ke cika shi da jajayen rumfuna sama da 100, al'adar da ta faro tun 1860. Tana da kyan gani, amma cunkoson ranar Asabar da yamma ba na mai yara ƙanana ba ne. Kowace Lahadi da safe masu sayar da tsofaffin kuɗi da kan sarki suna baje koli a ƙarƙashin rumfuna, tun 1927 suke wannan.

A sani kuma, mutanen nan ba sa cin abincin rana sai 2, na dare kuma sai 9 ta wuce.

Akwai tsaro? Na ji ana zancen 'yan sane.

Faɗa ko fashi ba su ne abin tsoro ba, 'yan sanda na zagayawa dare da rana. 'Yan sane ne matsalar, kuma ƙwararru ne, sanye da kaya masu kyau, wasu ma da taswira a hannu kamar baƙi. Sun fi aiki inda jama'a suka taru kallon mai wasa, da matsatsin ƙofofi, da cikin Metro. Kada ka ajiye waya a kan tebur, wani zai ɗora takarda a kai yana roƙo ya ɗauke duka biyun. Jaka a gaba, ba a rataye ta bayan kujera. Aljihun gefe na kaftani ko babbar riga shi ya fi sauƙin shiga, kuɗi su koma aljihun ciki.

In abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce. Akwai ofishin 'yan sanda mai kula da baƙi a titin Leganitos, kusa da Plaza de España, inda ake taimakawa da tafinta da rubuta rahoto.

Doka ta ba 'yan sanda damar tambayar takardun shaida, kuma baƙar fata ya fi saurin fuskantar tambayar, musamman wajen Sol da Lavapiés. Ka riƙe fasfo a jikinka inda hannu ba ya kaiwa, ka bar kwafinsa a masauki da cikin waya.

Masu shigar ban dariya da ke yawo fa, kyauta ake hoto da su?

A'a. Wanda ya shafa fenti ya tsaya kamar gunki, da mai kayan 'yar tsana, da mai zana fuska, duk sana'a suke. In ka ɗauki hoto da su ka ba da yuro ɗaya ko biyu. In ba ka so, kada ka bari yaro ya riƙe hannunsu ko ya karɓi balan-balan, don daga nan ciniki ya faɗa.

Wace tsaraba ta cancanci saye?

Shagunan da ke ƙarƙashin rumfuna kashi biyu ne. Akwai masu tarkacen maɓallin firij da riguna da za ka samu da rahusa a titunan baya. Akwai kuma tsofaffin shagunan huluna, irin su La Favorita da Casa Yustas, waɗanda suka haura shekara 100 a wurin. Mafici na hannu da ake kira abanico tsaraba ce mai kyau ga iyaye mata, ba nauyi. Ga man zaitun da alewar turrón ta almond da zuma. In ranar Lahadi ce, kasuwar gwanjo ta El Rastro tana ci daga safe zuwa wajen 3, tafiyar minti 10 ta titin Toledo.

Canjin kuɗi a shagunan kewayen Sol asara ne. Kusan ko'ina ana karɓar kati.

Ni ƙwallo ta kawo ni. A nan magoya baya ke taruwa?

Magoya bayan ƙungiyoyin waje da suka zo wasan Zakarun Turai a nan suke yini suna waƙa kafin su tafi fili, giya kuma na yawo sosai a irin wannan rana. Mai iyali ya kauce. Amma bikin cin kofi ba a nan ake yi ba: Real Madrid a maɓuɓɓugar Cibeles take nata, Atlético a ta Neptuno. Zuwa filin Santiago Bernabéu, ka hau layi na 1 daga Sol zuwa Tribunal, ka koma layi na 10, akwai tasha mai sunan filin.

Wace biza nake buƙata?

Bizar Schengen, wadda ke ba da damar zaman da bai wuce kwana 90 ba cikin kwana 180. Ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan banki. Sifaniya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofisoshi a Yamai da Akara. In ƙasashe da yawa za ka zaga, ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa. A fara da wuri, samun ranar ganawa shi ke cin lokaci.

Tsofaffi da masu keken guragu za su iya?

Filin shimfiɗaɗɗe ne, sai dai daɓen dutse ne mai gargada, takalmi mai tsini zai wahalar. A shiga ta ɓangaren Sol ko titin Mayor. A guji ƙofar Cuchilleros da ke kusurwar kudu maso yamma, don matakala ce mai tsayi. Ga mai ƙafa kuwa ita ce ƙofar da ta fi cancantar gani: in ka sauka ka waiwaya, za ka ga gidajen da suke hawa uku daga ciki sun zama dogaye daga baya, gindinsu a karkace kamar katangar tsaro, domin su ne ke tallafe da filin a bakin gangare. Bayan gida kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shago ka sayi kofi ka yi amfani da nasu, kuma ka tafi da 'yar gorar ruwanka, ba a ajiye buta.

Awa nawa zan ware, kuma me zan haɗa da shi?

Dandalin kansa awa ɗaya ya isa, har da zama. Da rabin yini kana iya farawa daga Sol, inda alamar kilomita sifili ta manyan hanyoyin ƙasar take, ka ratso Plaza Mayor, ka fita ta yamma ka leƙa kasuwar San Miguel mai ginin ƙarfe na 1916, wadda aka mayar wurin ciye-ciye a 2009, kallo ya fi saye araha a can. Daga nan Plaza de la Villa, sai ganuwar Sarki Muhammad, sai Fadar Sarki, wadda aka gina bayan tsohuwar ta ƙone a 1734, mai ɗakuna sama da 3,000. Ita fadar ana biyan kuɗin shiga, kuma gara a sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, layin ƙofa yakan yi tsawo.